Tambayoyi da amsoshi kan dokokin jihohin Amurka na wayar da kan masu bindiga game da kashe kai

Waɗannan tambayoyin sun daɗe suna yawo tsakanin mutanenmu da ke zaune a Amurka, wani ya je shago sayen bindiga an haɗo masa da wata takarda mai maganar kashe kai yaji abin banbarakwai, wata kuma ɗanta ya gama aikin soja ya dawo gida da bindigoginsa ta ga yaron ya canza mata, wasu daga gida suke tambaya don su labarin da suke ji a rediyo kullum na harbe-harbe ne. Shine na tattara su wuri ɗaya. Amma kafin ka ci gaba, in kai ne kake cikin ƙunci yanzu ko wani naka, kuma kuna Amurka, ka ajiye karatun nan ka kira 988 ko ka tura musu tes, kyauta ne dare da rana. Tsofaffin sojoji su danna 1 bayan kiran ya shiga.

Me ya haɗa mai bindiga da maganar kashe kai? Ai matsalar Amurka harbin makarantu ne da manyan kantuna

Wannan shi ake nunawa a talabijin, amma lissafin ba haka yake ba. A 2021 mutum 48,830 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, cikinsu 26,328 su suka harbi kansu da kansu, wato kashi 54 cikin 100. Harbin taron jama'a da yake tada hankalin duniya ɗan ƙaramin kaso ne in ka ɗora shi kan wannan. In ka juya lissafin ta ɗaya gefen ma haka ne, cikin mutum kusan dubu 49 da suke kashe kansu duk shekara a ƙasar fiye da rabi da bindiga ne, a tsakanin tsofaffin sojoji kuwa abin ya haura kashi 70.

Jihohin da abin ya fi muni sune irinsu Montana da Wyoming da Alaska inda fiye da rabin gidaje akwai bindiga, waɗanda ya fi sauƙi kuma New York da New Jersey da Massachusetts. Kuma bincike bai nuna mutanen Montana sun fi na New York yawan yunƙurin kashe kai da tazarar da za ta bayyana wannan bambancin ba, abinda ke kusa da hannunsu lokacin da abin ya taso shine ya bambanta.

To wanda ya ƙudurta zai kashe kansa, in ka ɗauke bindiga ai wata hanyar zai nema?

Kusan kowa da wannan yake fara musu, har likitoci ma da yawa haka suka ɗauka a da. Abu uku ne suka rushe wannan tunanin. Na farko lokaci: a wani bincike da aka yi a Houston aka fitar a 2001, an zauna da matasan da suka yi yunƙuri mai tsanani Allah ya yi da sauran kwanansu, kusan mutum 1 cikin 4 suka ce tsakanin yanke shawarar da aikatawa bai kai minti 5 ba. Mutum zai iya shekara yana fama da damuwa, amma wannan mummunan lokacin da hankali yake rufewa gajere ne, sau da yawa bayan rigima da mata ko kora daga aiki ko takardar kotu, ko an sha giya an bugu. Na biyu, bindiga bata bada damar nadama, cikin yunƙuri 10 da aka yi da ita kusan 9 mutuwa ce, babu lokacin da wani zai shigo ya tarar da kai ko kai da kanka ka ce a kira motar asibiti. Na uku kuma wanda mutane suka fi mamaki, cikin waɗanda suka yi yunƙuri suka rayu kusan 9 cikin 10 basa mutuwa ta hanyar kashe kai daga baya.

Misalin da aka fi kawowa na sojan Isra'ila ne. A 2006 suka hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, kashe kai a rundunar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, kuma raguwar a ƙarshen makon ta fito, ba a ga sun koma yi a sauran ranaku ba. Akwai wani misalin na maganin ƙwari wanda ya fi kusa da mu, yana cikin amsar tambayar Najeriya a can ƙasa.

Doka ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya ko kowace jiha da tata?

Kowace jiha da tata, shi yasa zaka ji abokinka na Texas yace shi ba wanda ya bashi takarda kai kuma a Kalifoniya har jikin bangon shago an manna. Abinda gwamnatin tarayya ta wajabta tun 2005 shine dila ya haɗa maka da kwaɗo ko abin kullewa in ka sayi ƙaramar bindiga. Saura duk majalisun jihohi ne: wasu sun ce a sa darasin kashe kai cikin karatun da ake yi kafin saye ko kafin lasisi, wasu sun ce a manna sanarwa da lambar neman taimako a shago, wasu kuɗi kawai suka ware a buga ƙasidu a raba kwaɗo kyauta ba tare da tilasta kowa ba, wasu kuma gyara dokokinsu suka yi don mutum ya iya kai bindigarsa ajiya ba tare da ya faɗa laifi ba. Akwai jihohi da dama da babu ko ɗaya.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga shagon bindiga, ba daga majalisa ba. A 2009 a jihar New Hampshire cikin ƙasa da mako ɗaya mutum 3 da basu san juna ba suka sayi bindiga a shago ɗaya a garin Hooksett, kowannensu ya kashe kansa cikin sa'o'i kaɗan da saye. Mai shagon, Ralph Demicco, abin ya girgiza shi sosai, sai ya zauna da masu aikin lafiya irinsu Elaine Frank da Catherine Barber ta jami'ar Harvard suka tsara fosta da ƙasidu da kuma jagora ga masu shago kan yadda zasu gane mai saye da yake cikin wani hali, misali wanda bai san komai kan bindiga ba kuma bai damu ya sani ba, kowacce aka bashi yace to, ga alamar kuka a idonsa. Masu bindiga dama suna da ƙa'idoji 10 na kiyaye haɗari da suke haddacewa, sai aka ƙara ta 11: in ɗan gida ko aboki yana cikin ƙunci, a nisanta shi da bindiga har ya samu sauƙi. Da aka zagaya daga baya an tarar kusan rabin shagunan jihar sun manna kayan da kansu. Daga nan jihohi sama da 20 suka kwaikwaya.

Me yasa kullum ake ambaton jihar Washington?

Don ita ce ta maida abin doka tun da wuri kuma da hannun masu bindiga a ciki. Wani lauya mai suna Matt Adler ya kashe kansa da bindiga a 2011, matarsa Jennifer Stuber malama ce a Jami'ar Washington, ta haɗa kai da 'yar majalisar jiha Tina Orwall suka fara da dokar 2012 da ta wajabta wa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa horo kan gane mai niyyar kashe kansa, dokar ma sunan mijin aka sa mata. Daga baya Stuber ta yi abinda mutanen ɓangarenta da yawa basa yi, ta nemi babbar ƙungiyar masu bindiga ta NRA da Alan Gottlieb na gidauniyar kare haƙƙin mallakar bindiga ta ce ku zo mu zauna. A 2016 aka yi dokar da ta kafa kwamitin Safer Homes, wanda ya sa bayanin kashe kai cikin ƙasidar da ake ba mai sayen bindiga da karatun mafarauta, ya kuma haɗa har da masu kemis tunda magani ma yana cikin abinda ake kullewa. Suna zuwa kasuwannin baje kolin bindiga su kafa tebur su yi hira da mutane su basu akwatin kullewa kyauta.

Bayan nan abin ya ƙara tsauri. Ƙuri'ar jama'a ta 2018 ta wajabta horo kafin sayen wasu manyan bindigogi kuma kashe kai yana cikin darussan, sannan daga Janairun 2024 horon ya shafi duk wata bindiga tare da jiran kwana 10 na aiki. Wannan kashi na biyun fa ƙungiyoyin masu bindiga basu goyi baya ba, kada a haɗe su da na 2016.

Utah fa? Na san jihar 'yan Republican ce, ya aka yi suka yarda?

Lissafin jiharsu ne ya sa su. Ɗan majalisa Steve Eliason, shi kansa ɗan Republican, tun 2014 ya kawo dokar buga ƙasidu da raba kwaɗo kyauta, a 2016 kuma majalisar ta bada kuɗi aka yi bincike tare da masanan Harvard. Rahoton ya fito a 2018 ya nuna kashi 85 cikin 100 na mutuwar bindiga a Utah tsakanin 2006 da 2015 kashe kai ne, kuma mafi yawan mamatan da an binciki tarihinsu a ranar da suka mutu da sun tsallake, wato binciken da ake yi a shago kafin a sayar wa mutum bindiga ba zai tare su ba. Clark Aposhian, shugaban babbar ƙungiyar masu bindiga ta jihar, ya shiga aikin da kansa har suka tsara ɗan gajeren darasi da malaman ajin lasisin ɗaukar bindiga a jiki suke koyarwa. A ganina abin koyi a Utah shine wanda yake isar da saƙon. Mai bindiga a ƙauyen Utah in ma'aikacin lafiya daga birni yace masa kulle bindigarka zai ji kamar an raina masa wayo, in malamin harbinsa ne ya faɗa sai ya tsaya ya saurara.

Gaskiya dai, wannan ba dabarar ƙwace bindigogin mutane bace a hankali?

Masu wannan tsoron suna da yawa kuma ba daga sama suka ɗauko shi ba, rigimar bindiga a Amurka ta sa kowane ɓangare baya yarda da ɗaya. Amma dokokin wayar da kai da muke magana basa taɓa haƙƙin mallakar bindiga da gyara na 2 na tsarin mulki ya bayar, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Heller ta 2008 ta ƙara faɗaɗa shi a ta Bruen a 2022. Takarda ce ko darasi, in ka ga dama ka yi aiki da shi. Ita kanta ƙungiyar kamfanonin ƙera bindiga ta NSSF tun 2016 take aiki da gidauniyar AFSP mai yaƙi da kashe kai suna buga ƙasidu tare.

Inda aka samu rigima shine tilastawa. A 2022 gundumar Anne Arundel a Maryland ta ce dole masu shago su miƙa wa kowane mai saye ƙasidar, wasu dilolin suka kai ƙara suka ce an sa su faɗin abinda basu yarda da shi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba gundumar gaskiya a farkon 2024, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Abin dariyar shine ƙasidar da ake faɗa a kanta wadda NSSF ɗin ta sa hannu aka rubuta ce. Dokar da take ɗauke bindiga da ƙarfi daban take, ita ake kira jar tuta, duba amsarta a ƙasa.

Me ake koyarwa a darasin takamaimai?

Ba wani dogon karatu bane, wani wurin minti kaɗan ne na bidiyo. Ana nuna maka alamu: mutum ya fara cewa ya zame wa iyalinsa kaya, ko gara ace babu shi, ya janye daga mutane, barci ya gagara, shaye-shaye ya ƙaru, ya fara rabar da kayan da yake ji da su ko yana sallama irin wadda bata da dalili. Sai a ce ka tambaye shi kai tsaye, wane kana tunanin kashe kanka ne? Mu wannan tana mana nauyi ƙwarai, muna ganin kamar zaka sa masa abin a rai, alhali binciken da aka yi ya nuna tambayar bata sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an samu wanda ya lura. Sai mataki na ƙarshe, a raba shi da bindigar na ɗan lokaci a kuma haɗa shi da taimako, 988 ko likita.

Kan ajiya kuma ƙa'idar ita ce a cire harsashi, a kulle bindigar, harsashin a kulle shi wani wuri daban. In a gidan akwai mai fama, mafi kyau bindigar ta bar gidan gaba ɗaya, in hakan bai yiwu ba a canza lambar sef ɗin ko a ba wani makullin.

Ni don tsaron iyalina na saya, in na kulle ta ɓarawo ya shigo me amfaninta?

Tambaya ce mai ma'ana, kuma ita ce ta sa kwaɗon waya da ake rabawa kyauta yake ƙarewa a cikin durowa ba a amfani da shi. Akwai ƙananan akwatunan ƙarfe da ake buɗewa da lamba ko zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu uku, ana ajiye su gefen gado, wannan ya raba gardama tsakanin tsaro da yara. Abinda bai warware ba shine in kai mai lambar kai ne kake cikin damuwar.

Ka kuma san wannan: masanan jami'ar Stanford sun bi manya miliyan 26 a Kalifoniya na kusan shekara 12, suka fitar da sakamako a 2020. Maza masu ƙaramar bindiga sun ninka marasa ita kusan sau 8 wajen mutuwa ta harbin kai, mata kuma sau 35. Haɗarin ya fi yawa a makonnin farko bayan saye, amma fiye da rabin mutuwar ta faru ne bayan shekara guda ko fiye, wato mutane ne da suka saya lafiyarsu ƙalau don tsaro ko sha'awa, rayuwa ta juya musu daga baya bindigar kuma tana nan. Ga masu yara matasa abin ya fi tsanani don yawancin yaran da suka harbi kansu da bindigar gida ne, kuma yaro ɗan shekara 14 ya san inda kake ɓoye makulli ko ka yarda ko kar ka yarda.

Mijina ne yake cikin wani hali kuma yana da bindiga, zan iya ba yayansa ya ajiye?

'Yar uwa wannan ya danganta da jiharku, kuma a nan ne mutanenmu suke iya faɗawa matsala da kyakkyawar niyya. A jihohin da suka wajabta binciken tarihi kan duk wata miƙa bindiga, ba wa wani ajiya ma yana iya zama laifi sai in doka ta yi togaciya. Washington ta gyara tata a 2017 ta halatta miƙawa na ɗan lokaci in don hana kashe kai ne, wasu jihohin sun yarda tsakanin dangi na kusa kawai. Abu na biyu mai muhimmanci gare mu baƙi: dokar tarayya ta hana wanda bashi da takardun zama riƙe bindiga, haka yawancin masu bizar ziyara ko ta karatu, da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi ko dukan iyali. In yayan nasa yana cikin waɗannan kada ki kai masa, zaki jefa shi cikin wata masifar.

Akwai wasu hanyoyin. Shagunan bindiga da filayen koyon harbi da yawa suna karɓar ajiya da ɗan kuɗi, Colorado ta fara fitar da taswirar irin waɗannan wuraren a intanet a 2019 wasu jihohin suka bi. Louisiana ta yi doka a 2022 da ta kare dilan da ya karɓi ajiya daga ƙara in ya mayar wa mai ita daga baya wani abu ya faru, don dama tsoron ƙara ne yake hana su karɓa. A Utah wanda yake zaune gida ɗaya da mai bindigar zai iya kai ta ofishin 'yan sanda su riƙe kwana 60. Ki fara kiran waya tukun, kada ki shiga ofishin 'yan sanda da bindiga a jaka ba sanarwa. Kuma in zai yiwu a yi da yardarsa, ki nuna masa ajiya ce zuwa ya warware, tashi ce ba wanda ya ƙwace. In kuma kina jin tsoron lafiyarki ke kanki to wannan maganar 911 ce, lambar kiran gaggawa.

Mece ce dokar Donna?

Doka ce da take ba mutum dama ya sa sunansa da kansa cikin jerin waɗanda ba za a sayar wa bindiga ba. An yi ta ne don masu ciwon da yake zuwa yana tafiya, mutum in yana cikin hayyacinsa ya san halin da yake shiga in abin ya motsa, sai ya rufe wa kansa ƙofar tun da wuri. Sunan na Donna Nathan ne, wata mata a New Orleans da ta sha kai kanta asibiti neman magani, a 2018 ta sayi bindiga ta kashe kanta a ranar. 'Yarta Katrina Brees da wani farfesan shari'a na Jami'ar Alabama, Fredrick Vars, su suka yi ta bin majalisu. Washington ta fara aiki da ita a 2019, Virginia da Utah a 2021, wasu suka biyo baya. Zaka iya cire sunanka amma ba nan take ba, a Virginia sai bayan kwana 21, jinkirin shine maganin. Matsalarta mutane kaɗan ne suka yi rajista don yawanci basu ma san da ita ba.

Meye bambancin duk wannan da dokar jar tuta?

Kai bindiga ajiya da dokar Donna da muka ambata a sama ba umarnin kotu bane. Jar tuta kuwa alƙali ne yake bada umarni a ɗauke bindigogin mutum na wani lokaci, yawanci har shekara guda, in 'yan sanda ko a wasu jihohin iyali suka kawo hujjar cewa haɗari ne ga kansa ko wasu. Connecticut ce ta fara a 1999, Indiana a 2005, Florida ta yi tata a 2018 bayan harbin makarantar Parkland, yanzu jihohi sama da 20 suna da ita. Binciken Jeffrey Swanson na jami'ar Duke kan Connecticut ya ƙiyasta ana tsirar da rai 1 a duk umarni 10 zuwa 20. Ba shari'ar laifi bace, amma 'yan sanda ne zasu zo ƙofar gida, kuma ga baƙar fata baƙo wannan ba ƙaramin abu bane, shi yasa ni a ganina sai hanyoyin ajiya da muka ambata a sama sun gagara ake zuwa nan.

Jiran kwanaki kafin a baka bindigar da ka biya fa?

Shima daga lissafin lokacin nan ne na tambaya ta biyu. Kalifoniya kwana 10 ne. Vermont ta sa sa'o'i 72 a 2023, bayan iyayen wani saurayi ɗan shekara 23, Andrew Black, wanda ya sayi bindiga da rana a 2018 ya mutu kafin dare, sun roƙi hakan a cikin sanarwar rasuwarsa. Gwamna Phil Scott ya ƙi sa hannu a ƙudirin farko a 2019, na 2023 kuma ya bar shi ya zama doka ba da sa hannunsa ba. Jiran baya taimakon wanda dama yana da bindiga a gida, kuma sune mafi yawa.

Likita ya tambaye ni ko akwai bindiga a gidana, yana da hurumi? In na ce ina da damuwa zasu ƙwace?

Yana da hurumin tambaya, kai ma kana da damar ƙin amsawa. Florida ta taɓa yin doka a 2011 don hana likitoci wannan tambayar, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke muhimman sassanta a 2017. A dokar tarayya zuwa ganin likitan ƙwaƙwalwa da ƙafarka ko shan maganin damuwa baya hana ka mallakar bindiga, abinda yake hanawa shine kotu ko hukuma ta tura ka asibiti dole. Wasu jihohin sun ƙara nasu, a Kalifoniya wanda aka tsare a asibiti na sa'o'i 72 saboda haɗari ga kansa ana hana shi shekara 5 amma yana iya zuwa kotu ya nemi a ɗage. Wannan tsoron yana hana maza da yawa zuwa asibiti musamman tsofaffin sojoji, alhali asibitocin tsofaffin sojoji ma kwaɗo suke rabawa kyauta.

To wayar da kan yana aiki kuwa, ko dai kashe kuɗi ne?

A nan gara a faɗi gaskiya. Hujjar cewa nisanta mutum da makami yana rage mutuwa tana da ƙarfi, haka dokokin da suke hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai ɗauka, cibiyar RAND da take tace irin waɗannan binciken ta sa su cikin masu hujja mafi ƙarfi wajen rage kashe kai na matasa. Amma fosta a bango ko ƙasida a leda ita kaɗai, abinda aka fi aunawa shine shaguna nawa suka manna da mutum nawa suka ce zasu kulle, wannan kuma daban yake da ƙirga rayuka. Inda aka ga mutane sun canza ajiya da gaske shine in an yi hira da su baki da baki aka kuma basu abin kullewar a hannu. Wani dalilin ƙarancin binciken siyasa ce, daga 1996 wani sharaɗi da ake kira gyaran Dickey ya sa hukumar lafiya ta CDC ta janye daga binciken bindiga, sai a ƙarshen 2019 majalisar tarayya ta sake ware dala miliyan 25. Kuma adadin masu harbin kansu bai sauka ba, a 2022 ya haura dubu 27.

Mu masu addini ne, Musulmi ai baya kashe kansa, wannan ya shafe mu?

Haramcin a bayyane yake, yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 29, Kiristocinmu ma haka suka ɗauka, kuma imani yana riƙe mutane da yawa babu shakka. Amma ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai sallar dare, ga zaman ƙasar waje da kaɗaici da aikin dare da bashin kati da 'yan uwa na gida da suke ganin kana kwance kan dala. Yaranmu da aka haifa a nan kuma suna cikin matsin da sauran yaran Amurka suke ciki. Abinda muke yi in ya faru shine ɓoyewa, a ce gajeriyar rashin lafiya ce. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kulle bindiga da kai mutum asibiti ɗaurin ne, addu'a kuma a ci gaba da ita. Limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu zasu iya neman ofishin lafiya na gundumarsu ya turo mai horarwa, yawanci ba a biyan komai.

A Najeriya fa, ina abin ya shafe mu tunda ba kowa ke da bindiga ba?

Dokokin jihohin Amurka ba zasu ɗauku a kawo su haka ba, don a Najeriya lasisin bindiga abu ne na tarayya kuma a takure yake. Amma akwai gidajen mafarauta da 'yan banga da jami'an tsaro da bindiga take kwana a ɗaki, ƙa'idar cire harsashi da nisanta ta da mai damuwa ta shafe su daidai. Abinda ya fi kama da bindigar Amurka a wurinmu kuwa maganin ƙwari ne, na gona da na sauro, da yake zaune a kicin da ƙarƙashin gado. Siri Lanka ta hana shigo da mafi dafinsu daki-daki, kashe kai a ƙasar ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015 kuma noma bai faɗi ba. Hukumar NAFDAC ta ɗauki irin wannan matakin a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin a kantuna da kasuwanni, sai dai duk wanda ya shiga kasuwa ya san hanin bai kankama yadda ya kamata ba.

Sai kuma doka. Kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada, a sashe na 231, ya maida yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda, abinda yake sa iyali su ɓoye mutum a ɗaki maimakon su kai shi asibiti. Majalisar Ghana ta cire irin wannan hukuncin daga dokarta a 2023, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ma sun daɗe suna neman a yi hakan.